Tazarar Yatsu Uku

"Sa takalminki ki biyo ni," in ji Abba. "Zo ki ga aikin mutumin da kika ce in ba shi ba sai rijiya."

Auta ta yafa mayafi ta bi shi. Ranar Litinin ce, yara na can aji suna jiranta, amma wa zai kawo wa Abba zancen makaranta alhali jijiyar goshinsa ta tashi?

Shekara arba'in Abba yana gini. Ya daina hawa sama tun da gwiwarsa ta ƙi, yanzu sai dai ya karɓi aiki ya raba wa magina. A cikinsu kaf babu wanda yake ji da shi kamar Rula. Abban da kansa ya laƙaba masa sunan, don shi idonsa ne ma'auninsa, ko igiya ba ya ja amma layin bulonsa ya fita sambal. Shi ya sa da Rula ya nemi auren Auta bara, Abba har dariya ya yi ya ce su dai ba shi lokaci.

Yau babu dariya.

Suka hau matakalar benen da ake ginawa, Abba na dafa gwiwa yana nishi, har hawa na uku. Leburori suka yi tsit. Rula na tsaye gefe da cokalin gini a hannu, kansa a ƙasa.

Abba ya zaro igiya mai dalma a baki, ya kafa ta a saman sabuwar katanga ya sake ta. Dalmar ta yi lilo ta tsaya. Ya zura yatsunsa uku tsakanin igiyar da katangar, suka shige salin alin.

"Kin gani? Uku! Duk ta kwanta hagu. Ko yaron da ya fara jiya ba zai min wannan ba."

"Abba, kuskure ai..."

"Rufe min baki. Kuskure ne ya sa yake tangaɗi a kan katako? Kuskure ne ya sa yake amai a bayan tulin yashi kullum da safe? Wannan fa?"

Ya jefo wata takardar ƙwayoyi a gabanta, rabi an ɓalle.

"A aljihun rigar aikinsa aka samu. Kai, ɗago ka dube ni. Shaye-shaye kake yi ko ba ka yi?"

Auta ta zuba masa ido. Mutumin da ko hayaƙin sigari ba ya so! Kalma ɗaya kawai take jira ya faɗa.

Rula ya ɗago kai.

"Ka yi haƙuri, Oga. Zan daina."

Wallahi ji ta yi kamar ta kwashe shi da mari. Zai daina me?

Abba ya naɗe igiyarsa.

"Ka rushe ta. Ka sake ta da hannunka kafin yammacin Asabar, kuma cikin hayyacinka. In ta miƙe, zan saurare ka. In ba ta miƙe ba, kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidana." Ya juyo kanta. "Ke kuma, iyayen Mai Tayil za su zo ranar Asabar ɗin. Ban ce dole ki aure shi ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ɗan ƙwaya dai ba da yawuna ba."

*

Kafin su isa gida labari ya riga su. Gwaggo, yayar Abba, tana zaune a falo ta baje kamar ita ta gina gidan. Dama ita ce ta kawo Mai Tayil, ɗan ƙawarta, mai babban kantin kayan gini a bakin titi.

"Ah to! Ni dama na faɗa," in ji ta. "Mutum ya wuni cikin siminti kamar ƙadangare, me ake jira? Ga yaro ɗan gayu, mota fes, ko tsawa bai iya ba. Shekara biyu yana binki kina masa yanga."

"Gwaggo, ni ba na son sa."

"So? So ne zai riƙe ki ranar da wancan ya faɗi a kwata? Shekararki ashirin da bakwai fa, Auta. Ƙannen ƙawayenki duk suna goyo."

Umma ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ni ban ƙi yaron nan ba," ta ce a hankali. "Amma da bakinsa ya amsa. Me kike so in ce wa mahaifinki?"

Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Da ƙazafi aka masa da ta san yadda za ta yi faɗa. To mutum ya ɗaura wa kansa dutse, ta ina za a fara jan sa?

Da yamma sai ga Mai Tayil da kansa, turare ya cika zaure. Ya zauna yana juya makullin mota a yatsa.

"Na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba," ya ce, fuskarsa kuwa har sheƙi take don daɗi. "Ni ko bayan aurenmu zan iya sama masa aikin lodi a kanti. Ai taimako ne."

"Allah ya saka," ta ce, ta miƙe. "Ina da littattafan yara da zan duba."

Ta shige ta bar shi da turarensa.

*

Washegari da aka tashi makaranta ta wuce shagon ɗinkin yayar Rula. A bayan shagon ta same shi, zaune kan benci, ya jingina kai da bango ya runtse ido.

Ta zauna a gefensa na hagu.

"Ka ba ni kunya jiya."

Shiru.

"Magana nake maka."

Ko motsi bai yi ba. Ranta ya ƙara ɓaci, ta tashi ta zagayo gabansa ta buga ƙafa. Ya buɗe ido a firgice.

"Auta! Yaushe kika zo?"

Ta tsaya tana kallonsa. Sai abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Wata nawa ke nan da ya mayar da waya kunnen dama? In suna tafiya kullum sai ya san dabarar da ya yi ta koma damarsa. Ita kuwa sakarya, ta ɗauka kare ta yake daga motoci.

"Kunnenka na hagu ba ya ji," ta ce.

"Wa ya ce?"

"Kada ka raina min hankali! Na kai ƙwayar nan kemis an duba min. Maganin jiri ne. Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Wata biyar. Da farko ƙara nake ji a kunnen, kamar injin niƙa daga nesa. Sai jiri. Ina tsaye sai in ga ƙasa ta karkace, gini na juyawa da ni. Da safe kaina kamar zai tsage, sai na yi amai nake samun sauƙi. Katangar nan, Auta, wallahi a idona a miƙe take."

Hawaye suka zubo mata, amma na takaici ne.

"Wata biyar! Kana hawa bene hawa uku da jiri wata biyar? Kuma aka tambaye ka a gaban mutane, ka zaɓi a ce maka ɗan ƙwaya?"

"Ba za ki gane ba."

"To ganar da ni, tunda ni jaka ce."

"Magini in aka ce yana jiri, ya gama. Babu ogan da zai sake ba shi katako ya taka, ko ya warke. Kin san tsohon da ke tankaɗe yashi a wurinmu? Da can ya fi ni hannu. Sau ɗaya ya ce kansa na juyawa, shekara tara ke nan yana ƙasa. Amma ɗan shaye-shaye, in ya ce ya tuba, ana karɓarsa. Na ga an karɓi mutum uku." Muryarsa ta karye. "Abbanki zai iya ba wa wanda ya tuba 'yarsa. Ba zai ba wa mara lafiya ba."

"Sai ya ba wa gawa ko? In ka faɗo daga sama, ni da wa za a ɗaura? Da cokalin gininka?"

"Auta, ki bar ni in gama katangar nan kawai. Bayan Asabar duk asibitin da kika ce zan je."

"Gobe za mu je."

"Bayan Asabar."

"Gobe! In ba haka ba, na rantse da kaina zan je in ce wa Gwaggo na amince da Mai Tayil, kai kuma ka auri katangar."

Yayarsa ta leƙo daga cikin shago, ashe duk tana ji, idonta ya yi ja.

"Ki tafi da shi, ƙanwata. Ni na yi magana har bakina ya gaji. Taurin kai gadonsa ne."

*

Likitar wata mata ce mai farin gilashi, ba ta da garaje. Ta saurare shi tsaf, ko da yake rabin amsoshin Auta ce ta bayar, don shi sai rage abin yake yi. A ce kullum, ya ce wani lokaci. A ce amai, ya ce ɗan tashin zuciya.

"Malam, tashi ka bi min layin tayil ɗin nan," in ji likita. "Diddige a gaban yatsa, kamar mai tafiya a kan igiya."

Rula ya yi murmushi. Shi da ke yawo a kan katako mai faɗin tafin hannu? Ya taka ɗaya, ya taka biyu. A na uku ya tafi luu ya yi hagu, sai da ya dafe gadon gwaji.

Likita ta rubuta wani abu a takarda.

Ta sa ya taɓa hancinsa ya taɓa yatsanta, hannun hagu ya riƙa wucewa. Ta haska idonsa, ta gwada kunnuwan biyu, sannan ta ajiye biro.

"Bari in gaya muku gaskiya. Yawancin jiri daga cikin kunne yake, ko ƙarancin jini, ko gajiya, kuma yana wucewa. Ba kowane mai jiri ake tsorata ba. Amma jirin da ya yi watanni yana ƙaruwa, ga kunne ɗaya ya toshe, ga ciwon kai da amai da safe, ga tafiya na karkata gefe guda, wannan ba na shan ƙwaya a kwanta ba ne. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa."

"Likita, ina da aiki ranar..."

"Ba ka da aiki. Ko kan kujera ban yarda ka hau ba."

Ranar Juma'a sakamako ya fito. Likita ta ɗora baƙin hoton a jikin fitila, ta nuna wani farin dunƙule a bayan kunnen hagu, bai wuce ƙwallon dabino biyu a haɗe ba.

"Ƙari ne. Ya tsiro a kan jijiyar ji, ya girma har yana danne wurin da ke riƙe wa mutum daidaito. Alamu sun nuna ba mai yaɗuwa ba ne, kuma ana cire shi da tiyata. Jin wannan kunnen da wuya ya dawo. Amma da kun ƙara wasu watanni, da maganar da za mu yi daban ce."

Auta ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi.

"Zan koma hawa gini?"

"Mu fara ceto kan tukuna," in ji likita.

A bakin ƙofar asibiti ya tare ta.

"Ki min alkawari ba za ki nuna wa Oga ba."

"Kai ka min alkawari ba za ka je wurin ginin nan ba."

"Na yi."

"To ni ban yi ba," ta ce, ta ƙanƙame ambulan ɗin da aka sa hoton a ciki a ƙirji ta tare mota.

*

Auta ta kwana tana juya maganar. In ta nuna, wataƙila Abba ya ce ba zai ba mara lafiya ba, kamar yadda Rula ya faɗa. In ta ɓoye, ya tafi a ɗan ƙwaya. Ko ta ina ta duba, ita ce a ƙasa.

Safiyar Asabar gidan ya cika da hidima. Gwaggo ta sa an canza labulen falo, tana ta ba da umarni kamar mai jiran gwamna. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Auta ta daure ta shiga ɗakin Abba. Yana zaune ya sa sabuwar riga, yana shafa man zafi a gwiwa.

Ta durƙusa ta ajiye ambulan a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Abin da ya karkatar da katangar ne, Abba."

Ya zaro hoton yana yamutsa fuska. Ya ɗaga shi saitin taga, yadda yake ɗaga zanen gini. Mutum ne da ya saba duba dama ya duba hagu ya ga ko sun yi daidai, don haka ba sai da ta nuna masa ba. Yatsansa ya tafi kai tsaye kan farin dunƙulen.

"Wannan ba ya ɗaya gefen."

"Ƙari ne. Shi ke sa shi jiri da amai. Kunnensa na hagu ya daina ji. Ƙwayar da ka gani ta jiri ce." Kuka ya ƙwace mata. "Bai taɓa shan komai ba, Abba. Tsoro ya ji kada ka sauke shi ƙasa ya koma tankaɗe yashi. Ya ce gara ka ɗauke shi ɗan iska da ka ɗauke shi mara amfani."

Abba ya sake ƙura wa hoton ido. 

"Likita ta ce ko kujera kada ya hau. Ya min alkawari yana gida."

Abba ya ɗago a hankali.

"Yana gida?"

"Eh."

"Mai gadi ya kira ni tun ƙarfe bakwai. Ya ce yaron ya zo shi kaɗai, ya hau sama." Ya miƙe zumbur har kwalbar man ta faɗi. "Innalillahi! Ni na tura shi. Da bakina na tura shi!"

Auta ta danna kiran wayarsa, tana ta ringin ba a ɗauka. Suka fito a guje. Gwaggo ta tare ƙofa.

"Ina kuma za ku? Baƙi sun taso fa!"

"Yaya, matsa min," in ji Abba, da wata murya da Auta ba ta taɓa ji ya yi wa yayarsa ba. Gwaggo ta matsa.

*

Tun daga bakin titi suka hango shi. Yana can hawa na uku, ta wajen ginin, tsaye a kan katakai biyu da aka gitta a kan sanduna. Ya rushe tsohuwar katangar, sabuwar ta kai masa ƙirji. Hannu ɗaya na riƙe da cokali, ɗayan ya dafe bulo, ya sunkuyar da kai bai motsi. Auta ta san wannan tsayuwar. Jirin ne ya taso.

"Rula!" Abba ya ƙwala. "Kai, Rula! Kada ka motsa!"

Ina! Kunnen hagun ne ke fuskantar su.

Auta ta buɗe baki za ta yi ihu, Abba ya damƙe mata hannu.

"Kul! In ya firgita ya waiwayo, shi ke nan."

Ya tuɓe sabuwar rigar ya miƙa mata, ya cire takalmi. Ya bi matakala yana jan ƙafa, tana biye da shi tana addu'ar da ita kanta ba ta san me take cewa ba. A hawa na uku ya tsaya a bakin tagar da ke fita kan katakan. Shekara goma rabonsa da taka katako.

"Abba, gwiwarka..."

"Yi min shiru."

Ya zura ƙafa ya fita. Katakon ya yi ƙara ya lotsa. Ya bi jikin gini a hankali, taku ɗaya, taku biyu, har ya isa. Bai yi magana ba sai da ya cusa hannu ya damƙi bel ɗin wandon Rula ta baya, ya naɗe shi a hannu tam. Sannan ya kai baki saitin kunnen dama.

"Ni ne. Saki cokalin, ɗana. Na riƙe ka."

Cokalin ya suɓuce, ya daɗe yana tafiya kafin su ji ƙararsa a ƙasa.

Da ja da lallami ya shigo da shi ta tagar. Su biyun suka zube a kan siminti suna haki. Auta ta durƙusa gefe, ta rasa wanda za ta fara yi wa faɗa.

"Ka min alkawari! Maƙaryaci kawai! Ka min alkawari!"

"Saura layi huɗu," in ji Rula, idonsa a rufe. "Layi huɗu kawai, Auta."

Sai a lokacin ta lura da igiyar da ya ja daga wannan kusurwa zuwa waccan. Rula, da ake kuri da shi ba ya jan igiya, yau ya ja har biyu.

Wayar Abba ta yi ƙara a aljihun rigar da ke hannunta. Gwaggo ce.

"Ɗauki," in ji Abba. "Ki ce ta ba su haƙuri su koma. Ina da mara lafiya, asibiti za mu."

"In ta ce yaushe za su dawo fa?"

"Na ce su dawo ne?"

Rula ya buɗe ido da ƙyar, ya nemi fuskar Abba.

"Oga, ka auna ta. Don Allah ka auna."

Abba ya yi kamar zai ƙi. Sai ya laluba aljihun wando ya zaro igiyarsa mai dalma, ya dafa bango ya tashi. Ya kafa ta a saman sabuwar katangar ya saki. Dalmar ta yi lilo ta tsaya.

Daga inda take, Auta na ganin tazarar sarai. Yatsa biyu za su shige.

Abba ya daɗe yana kallo. A shekara arba'in bai taɓa barin karkatacciyar katanga ta kwana a tsaye ba, kowa ya san shi da wannan. Ya naɗe igiyar a hankali ya mayar aljihu, ya goge ido da bayan hannu.

"Ta miƙe," ya ce. "Tashi mu tafi."